Baba Ya Daina Zama a Falo: Wace Talabijin Zan Saya Masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu tsohon malamin sakandare ne, shekarunsa 68. Shekara biyu ke nan hawan jinin ido ya tafi da ganinsa gaba ɗaya. Da can shi ne mai rimot a gidan: labaran ƙarfe tara, ƙwallo, da fina-finan Hausa masu dogon zango na bayan isha'i, duk da shi ake kallo. Bayan lalurar ya ci gaba da zama da mu, amma da ya ji shiru sai ya ce "me ya faru?", jikokinsa su ce "Baba bari mana mu ji." Yanzu ya daina fitowa, yana ɗaki da 'yar rediyonsa. Wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ya ce a can akwai talabijin da ke gaya wa makaho duk abin da ke faruwa a hoto. Na ɗauki adashena, naira dubu 350, na shiga kasuwa. Wani mai shago ya nuna mini wata ta hannu, wai daga Landan aka kawo ta, rimot ɗinta da maɓalli an rubuta AD, ya ce ita ce. Yayanmu kuma ya ce asarar kuɗi zan yi, me makaho zai yi da talabijin, rediyo ta ishe shi. In saya ko in bari?

Wata baiwar Allah, Gwammaja, Kano

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa abin da ya samu Baba ya zama kaffara, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki. Ki mayar da kuɗin adashen nan inda kika ɗauko su tukuna, mu yi magana.

Ɗan'uwanku na Ingila gaskiya ya faɗa. Mai shagon ma ba zan ce ya yi niyyar cutar ki ba, wataƙila shi kansa abin da ya ɗauka ke nan. Sai dai abubuwa biyu ne aka haɗa miki a ƙwarya ɗaya, in ba ki raba su ba za ki kai akwatin nan gida, ku danna AD har yatsa ya yi ciwo, Baba bai ji komai ba.

Na farko wata murya ce da ke cikin akwatin kansa. Aikinta ta karanta abin da ke rubuce a fuskar talabijin yayin da ake danna rimot: ga tashar da aka shiga, ga inda ƙara ta kai, ga YouTube, ga wurin saiti. Ni 'yar jagora nake ce mata, don aikinta bai wuce na ɗan jagora ba, ta riƙe wa mutum sanda ta kai shi ƙofar da yake nema. Da fim ya fara, ita ta gama nata. Ba ta san wa ya shigo ɗaki ba, ba ta san wa ya zaro wuƙa ba.

Na biyun shi ne wanda ɗan'uwanku yake nufi, wato bayanin hoto, abin da haruffan AD suke nunawa. Shi kuma ba akwatin ke yin sa ba. Mutum ake zaunarwa ya kalli shirin tun daga farko, ya rubuta abin da ido ke gani wanda kunne ba ya ji, a auna kowace jimla da tsawon shirun da ke tsakanin maganar 'yan wasa, sannan a ɗauki murya a cusa ta a waɗannan guraben. Sai ki ji ana cewa, "Ta waiga. Ta ɗauko 'yar kwalba daga jaka, ta ɗiga a shayin." Wannan muryar tare da shirin take tahowa daga tashar da ta watsa shi. Maɓallin da aka nuna miki kan famfo ne kawai. Ke 'yar Kano ce, ba sai na gaya miki abin da kan famfo ke yi ba in babu ruwa a bututu.

Su ma can ba a rana ɗaya suka same shi ba. Wata mai lalurar gani ce a birnin Washinton, Margaret Pfanstiehl, ta fara shi a 1981 a wani gidan wasan daɓe, ana raɗa wa makafi abin da ke gudana ta abin sawa a kunne. A 1990 tashar WGBH ta Boston ta mayar da shi aikin yau da kullum a talabijin. A Ingila doka ce ta tilasta: hukumar Ofcom ta ɗora wa tashoshi su sa bayanin hoto a aƙalla kashi 10 cikin 100 na shirye-shiryensu, manya irin BBC da ITV da Channel 4 da Sky kuma suka yi alkawarin kashi 20. Abin da ya sa talabijin ta hannu da ta fito daga can take zuwa da maɓallin ke nan. A Amurka kuwa, dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ce ta sa daga ƙarshen 2016 dole talabijin da ake sayarwa a ƙasar ta zo da 'yar jagora. Da manyan kamfanoni suka saba sa ta, sai mu ma ta iso mana. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko.

Mu a nan muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har an kafa hukuma a ƙarƙashinta. Kurame sun samu mai fassara da hannu a gefen hoto a labaran NTA. Makafi kuwa har yanzu shiru. Tashoshin da Baba ya saba da su, Arewa24 da ARTV da NTA, shirye-shiryensu ba sa zuwa da wannan muryar, fina-finan Kannywood ma haka. Abin yana ba ni haushi, don ba gagarar mu ya yi ba. Garin da ake juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa, kowane ɗan wasa da muryarsa, ba zai rasa mutum ɗaya da zai cike guraben shiru ba. Ba a dai tuna da su ba ne. To amma wannan faɗan na wata rana ne. Abin da ya shafe ki yau shi ne, in kika sayi waccan talabijin don Baba ya riƙa jin abin da ke faruwa a fim ɗin bayan isha'i, tsugune ba ta ƙare ba.

Inda ruwa yake a bututun shi ne manhajojin kallo na intanet. Netflix ta fara a Afrilun 2015, bayan makafi sun yi mata ca a kan wani shiri da ta fitar wanda jaruminsa lauya ne makaho, amma su ba su da hanyar bin sa. Yanzu akasarin shirye-shiryen da ta yi da kanta suna da shi, Prime Video ma tana da shi a da yawa. Ana cikin kallo ake shiga wurin zaɓen harshe, a zaɓi Turancin da aka rubuta Audio Description a gabansa. Baba tsohon malamin sakandare ne, Turancin ba zai gagare shi ba. Don haka kafin ki kashe ko kwabo a kan akwati, ki gwada masa a waya. Ki nemi wanda yake da Netflix a cikin dangi, ki sa wa Baba shirin namun daji ko na tarihi, minti goma sha biyar ya isa. Wasu nan take suke jin kamar an buɗe musu taga, wasu kuma su ce surutun ya yi yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki kuma lissafa kuɗin data da na biyan wata, don su kullum ne, akwati kuwa sau ɗaya ake saye.

Ita 'yar jagorar fa, kada ki raina ta. A wasiƙarki kin ce da can shi ne mai rimot, kuma ita ce za ta iya mayar masa da shi hannunsa. Dattijon da sai ya kira yaro kafin a sauya masa tasha, daga baya gajiya yake yi da kira ya haƙura. Samsung suna kiran tasu Voice Guide, LG kuma Audio Guidance. Masu tsarin Google TV ko Android TV, irin Sony da TCL, tasu ita ce TalkBack, wadda dai ke cikin wayoyin Android. Duk a wurin saiti ake samun su, ƙarƙashin Accessibility. A Samsung in aka danne maɓallin ƙara na ƙaramin rimot ɗin nan na 'yan daƙiƙu, jerin zai fito yana magana da kansa. A LG maɓallin kashe murya ake dannewa. Ana iya rage mata sauri, kuma ki rage a makon farko. Da Turanci za ta yi masa magana, in ta zo kan sunan shirin Hausa ta murɗe shi har sai kun yi dariya, amma kunne yana sabawa.

Ga kuma tarkon da ba a cika faɗa a shago ba. A yawancin gidajenmu ba talabijin ce ke kama tasha ba, risiba ce, ko dikodar StarTimes ko GOtv ko DStv. Abin da dikoda ke turowa ta wayar HDMI, hoto ne zalla a wajen talabijin, 'yar jagora ba ta iya karanta shi. Za ta ce muku an shiga HDMI, daga nan ta ja bakinta. Maganin wannan ba ya buƙatar adashe. Lambobin tasha Baba zai riƙe a ka, mutumin da ya yi shekaru yana riƙe sunayen 'yan aji wannan wasa ne a wurinsa. In risiba ce, a sa yaro ya jera masa tashoshinsa a 1 zuwa 5, kuma a hana kowa taɓa jerin. Ki duba lamba 5 a rimot, galibi za ki ji wani ɗan tudu a kanta, don makafi aka yi shi, daga nan yatsa ke gane sauran. Maɓallin kunnawa da na ƙara a ɗiga musu gam mai ƙarfi a tsakiya, ɗan kaɗan kada ya gangara ya liƙe su, a bari ya bushe. Rimot ɗin dikoda a ɗaura masa robar ɗaure kuɗi a ka, ya bambanta da na talabijin, kuma a ba su mazauni guda da ba a sauyawa. A gidan da akwai makaho, wanda ya ɗauke abu bai mayar ba ya yi babban laifi.

In talabijin ɗin gidan tana aiki kuma tana da ramin HDMI, ni a ganina ba sai kin sayi sabuwa ba. Akwai ɗan abin nan mai kama da filash da ake sokawa a bayanta, Fire TV Stick na Amazon ko irin masu tsarin Google TV, su ma da 'yar jagorarsu, ga YouTube da Netflix a ciki, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na sabuwar talabijin ba. Na Amazon VoiceView ake kiran tasa, ana danne maɓallin komawa baya da na jerin zaɓi tare na daƙiƙa biyu ta fara magana. Intanet suke buƙata, ko da na waya ne. Ki dai guji ƙananan akwatunan Android marasa suna da ake sayarwa araha, da yawansu babu muryar a ciki.

In kuwa tsohuwar ta gaji dole a sauya, to ko Beirut Road kika je ko France Road ko shagon kamfani, kada ki yi cinikin biri a sama. In Baba zai yarda ki tafi da shi. Mun saba cewa gani ya kori ji, a wannan cinikin ji ne zai kori gani. A ciro ainihin wadda za ki ɗauka daga kwali, a jona ta, in babu wuta a tada janareta, a kunna muryar a gabanku. Ki rufe idonki ki nemo YouTube, ki ƙara murya ki rage, ki koma dikoda. In kin kasa, shi ma zai sha wuya. Akwai na jabu da ake liƙa musu sunan manyan kamfanoni, kuma nan asirinsu ke tonuwa, a shiga saiti a nemi muryar a rasa. A rubuta miki lambar samfurin a rasit, ku kuma yi magana a kan dawo da ita in ta ba da matsala. Kada girman fuska ya ruɗe ki. Waɗannan siraran talabijin ɗin sifikunsu ƙanana ne, ƙasa ko baya suke kallo, shi kuwa Baba sautin ne dukan abin a wurinsa. Ki ɗauki matsakaiciya, ragowar kuɗin ki sa a sifika mai fito da magana tas, da sitabilaiza saboda halin wutarmu.

Wani maƙwabcina makaho malamin makaranta ne, in ya sa wayarsa tana karanta masa saƙo, saurin muryar ni ko kalma ɗaya ba na tsinta. Shi ya taɓa ce mini masu ido ba su iya koyarwa ba, da sun ga ka yi jinkiri sai su fizge abin su danna maka. Na ga gaskiyarsa. Ki nemo wa Baba irinsa ya zauna da shi yini biyu ko uku. Za ki same su ta makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ko sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero, ko Ƙungiyar Makafi ta Najeriya. Wanda ya rasa ido da girma, abin da zai ji daga bakin ɗan'uwansa makaho ba zai ji shi daga bakin 'ya'yansa ba.

To sai fim ɗin bayan isha'i, wanda shi ne asalin kukanki. Ki sake karanta wasiƙarki. Baba ya yi ta zama a falo da makantarsa, abin da ya tashe shi kalmar nan ce, "bari mana mu ji." Babu akwatin da zai goge ta. Yaran ba da mugunta suka faɗa ba, amma a zaunar da su ba a gabansa ba, a gaya musu abin da ta yi. Sannan a ba ɗaya daga cikinsu aikin bayanin, tunda tasha ba ta yi ba.

Jika na ce, ba ke ba, kuma da dalili. Ke ɗiya ce, akwai kunya tsakaninku, akwai wurin da bakinki ba zai iya gaya masa irin kallon da saurayi ya yi wa budurwa ba. Jika kuwa abokin wasa ne, zai faɗa har ya ƙara da tsokana, Baba ya rama. Ki zaɓi mai wayo, ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, ya zauna dab da shi a gefen kunnen da ya fi ji. Fina-finanmu sun sauƙaƙa aikin, don magana ta fi yawa a cikinsu. Abin da ke kufce wa makaho kaɗan ne, sai dai nan ne labarin ke juyawa: wadda ta laɓe a bayan labule, abin da aka barbaɗa a miya, saƙon da aka nuno a fuskar waya, rubutun "bayan wata uku", da lokacin da aka koma tuna baya ba a faɗa ba. Yaron ya koyi magana a cikin shiru, gajeriya, da ƙaramar murya. Da an sauya wuri ya ce, "Dare ne, gidan amarya." Duk rubutun da ya fito ya karanta. Abin da ya gani zai faɗa, ba hukuncinsa ba: "ya murtuke fuska," ba "ai mugu ne" ba, Baba ya fi shi sanin mugu. Abin da kunne ke ji, kuka ko bugun ƙofa, ya bar masa. In ya riga ya kalla a waya, ya kama bakinsa. A kwanakin farko ya riƙa haɗa masa murya da suna, "wannan uwargida ce, wannan ƙanin Alhajin ne"; bayan mako biyu za ki ga Baba yana riga ku gane wanda ya yi sallama. In a YouTube kuke kallo ma abin ya fi sauƙi, a tsayar, a yi bayani, a ci gaba. Ki riƙa ba yaron ɗan tukuici, aiki ne yake yi.

Ƙwallo kuwa an daɗe da warware ta. Mai sharhi a rediyo bayanin hoto yake yi tun kafin a sa wa abin suna. A rage ƙarar talabijin, Baba ya fito da 'yar rediyon tasa falo, ko da ɗaya zai riga ɗaya da 'yan daƙiƙu.

Kada kuma ki je ki ce masa "Baba fito mana, mun samo maka hanya." Dattijo ba ya son a ji tausayinsa a fili. Ki ce an kawo wani abu Turancinsa ya fi ƙarfin yara, ana so ya zo ya ji me yake cewa. In ya zauna ki miƙa masa rimot.

Shi kuwa Yaya, a batun kuɗi yana da rabin gaskiya, kin ga ni ma na hana ki waccan ta Landan. Inda ya kuskure shi ne cewa rediyo ta ishe shi. Rediyo a ɗaki ake jin ta mutum shi kaɗai, abin da Baba ya rasa kuwa zaman falo ne, da musu a kan wa ke da gaskiya tsakanin uwargida da amarya. Kada ki yi sa-in-sa da shi, yayanki ne. Ki nuna masa cewa ba duka kuɗin za ki kashe ba, ki ba shi aikin jera tashoshi da nemo sifika.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan rufe ban faɗa ba. Hawan jinin ido yana bin jini. Wanda mahaifinsa ya yi shi ya fi sauran mutane hatsarin kamuwa, kuma mu baƙar fata ya fi kama mu. Galibi ba ya ciwo, daga gefe yake fara cin gani a hankali, mutum ba ya farga sai ya yi nisa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. In an gano shi da wuri, maganin ɗigawa kan tare shi. Daga cikin ragowar adashen nan ki ware na awo, ke da 'yan'uwanki duka, musamman waɗanda suka kai 40, a asibitin ido na ECWA ko na Makkah ko na Malam Aminu Kano. Ku ce mahaifinku na da shi, a auna muku ƙarfin ruwan ido a kuma duba jijiyar gani. Ranar da za ku, ki sa Yaya a gaba, tunda shi ne babba shi za a fara aunawa.